Waiwaye: tun yaushe lambar awon barasa a jini ta fara yanke hukuncin tuƙi cikin maye?

Duk sanda aka ji mai tuƙi cikin maye ya kaɗe wani, muhawarar ɗaya ce take dawowa. Wasu su ce hukuncin ya yi sauƙi, wasu su ce ai lauyoyi ne ke fitar da mutane ta bayan gida, wai na'ura ce ba a gwada ba, wai takarda ce ba a cike daidai ba. Ina fahimtar zafin, wanda aka kashe wa ɗa ba ya son jin zancen takarda. Amma abin nan fa ba jiya ya faro ba.

Tun 1872 Birtaniya ta haramta jan keken doki cikin maye, kafin ma mota ta zo. A 1954 Robert Borkenstein ya ƙera na'urar hura numfashi mai auna barasa a Amurka, a 1967 Birtaniya ta kawo ta kan titi, a 1980 kuma wata uwa a Kalifoniya da aka kashe wa 'ya mai shekara 13 ta kafa ƙungiyar iyaye mata masu yaƙi da abin. Waɗannan an sha ba da labarinsu.

Wanda ba a cika tunawa ba shi ne 1936, a Norway.

Kafin nan abin da kotu ke tambaya shi ne, shin mutumin nan ya bugu? Ɗan sanda ya tsaya ya ce na ga yana tangaɗi, idonsa ja, bakinsa na wari, harshensa ya yi nauyi. Sai lauya ya miƙe ya ce ai wanda ya kwana a hanya ma idonsa ja ne, wanda ya fito daga motar da ta bugi bango ma dole ya yi tangaɗi, ga shi kuma kafin likita ya iso ofishin 'yan sanda an ɗau awanni mutum ya fara wartsakewa, a sa shi ya taka layin alli ya taka tsaf. Masu yanke hukuncin ma da yawansu direbobi ne, sai su ga kansu a jikin wanda ake tuhuma. A ganina nan tushen ciwon yake, an daɗe ana barin mai sha ya auna kansa da kansa, alhali giyar tunanin take fara taɓawa tun kafin ƙafa.

Norway ta ce a daina wannan jayayyar. Ta dogara da irin aikin masani ɗan Sweden Erik Widmark na auna barasa a jini, ta ajiye lamba: miligiram 50 na barasa cikin mililita 100 na jini. Ka haura, laifi ya tabbata, ko kana tafiya kamar soja a fareti, kuma hukuncin har da gidan yari. Sauran ƙasashe a hankali suka biyo, Ingila na kan 80 har yanzu, Sukotlan ta sauko 50 a 2014, Sweden kuwa 20 tun 1990.

Daga nan aikin lauya ya sauya. Ba ya musun jan ido kuma, lambar yake bi. Yaushe aka duba na'urar? Minti nawa tsakanin tsayarwa da hurawa? Wa ya riƙe kwalbar jinin kafin ta isa ɗakin gwaji? Mutane na jin haushin tambayoyin nan, ni ma wani lokacin ina ji, amma in lamba ɗaya za ta ƙwace wa mutum lasisi da aikinsa, dole wani ya tabbatar ba ƙarya take ba. Kuma galibin lokuta ba ƙarya take ba, shi ya sa lauya na gari yakan ce wa mutum ka amsa laifinka mu roƙi sassauci. A Birtaniya shekara guda ba tuƙi ita ce mafi ƙarancin abin da doka ta tanada, ƙin hurawar ma laifi ne mai zaman kansa, in kuma an rasa rai, tun 2022 alƙali na iya kaiwa har ɗaurin rai da rai.