Mene ne "gas" ɗin kujerar ofis, kuma me ya sa ba a cika shi?

Kwanan baya a Tudun Wada, nan Gusau, na tarar da wani mai shagon buga takardu yana ɗaure kujerarsa a bayan babur. Na ce, "Malam, lafiya? Ina za a kai ta?" Ya ce, "Wallahi Yallaɓai gas ɗinta ne ya ƙare, da na zauna sai ta yi ƙasa da ni. Zan kai a cika mini." Sunan ne ya ruɗe shi. Da an ce gas, hankalinmu sai ya tafi ga tukunyar girki, wadda in ta ƙare ake kaiwa a sake cikawa.

Abin da ake kira gas a kujera shi ne bututun ƙarfen nan da ke tsakanin mazauni da ƙafafu masu taya. Wasu na ce masa silinda, wasu haidurolik, kodayake ba da mai yake aiki ba. A cikinsa akwai iskar naitirojin da aka matse aka rufe tun daga masana'anta. Wannan iska ita ce kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, kuma ba ta kama wuta. Akwai fistin, wato wani ɗan faifai mai motsi sama da ƙasa, da ya raba cikin gida biyu, sai wani ɗan maɓalli a can saman. Idan ka ja ɗan hannun da ke ƙarƙashin mazauni, maɓallin nan kake dannawa, ƙofa ta buɗe, iskar ta ratsa daga wannan ɗaki zuwa wancan. In kana zaune nauyinka ya kai ka ƙasa, in ka ɗaga jiki ta biyo ka sama. Ka saki hannun, ƙofa ta rufe, kujera ta tsaya cak. Dangin abin nan ne da ke riƙe murfin but ɗin mota.

To me ke lalacewa? Robobin da ke toshe iskar. Suna cinyewa da yawan aiki, ga zafi, ga ƙurar hunturu da ke mannewa a jikin ƙarfen tana gurzar su duk hawa da sauka. Wani lokaci za ka ga baƙin maiƙo a jikin bututun, alamar ɗan man da ke sa shi santsi a ciki ya fara tsatsafowa. Ba shi da bakin da ake ɗura iska kamar taya, don haka mai faci ba shi da abin da zai yi maka.

Abin da ya fi damuna shi ne masu kai shi wurin mai walda. Don Allah a bari. Iskar da ke ciki a matse take ƙwarai, in aka huda bututun, ko aka yanka, ko aka kanga masa wuta, yana iya fashewa ya ji wa mutum mummunan rauni.

Kafin ka kashe kuɗi, ka kifa kujerar ka duba hannun. Idan ya lanƙwashe yana danne maɓallin a kodayaushe, kujerar za ta riƙa sauka in ka zauna, ta tashi da kanta in ka miƙe, alhali silindar lafiyarta ƙalau.

In kuwa ta mutu, sauyawa ake yi, kuma aikin bai kai yadda ake tsoronsa ba. Babu noti ko ɗaya da ke riƙe da ita. Bakinta tsukakke ne sama da ƙasa, nauyin mai zama ne ke cusa ta. Ka zuba ɗan mai irin WD-40 a mahaɗar ka bar shi ya jiƙa, ka bubbuge ƙafafun da gudumar roba su fita, sannan ka kama bututun da babbar sifanar masu aikin famfo ka murɗa har ya saki mazaunin. Yawancinsu kaurinsu ɗaya, milimita 50 a ƙasa, 28 a sama, tsayi ne ke bambanta. Shi ya sa ya fi kyau ka tafi kasuwa da tsohuwar a hannu. Ka kuma duba lambar aji da ake bugawa a jiki, daga 1 zuwa 4. Aji 4 ya fi kaurin ƙarfe da jure nauyi, ni shi nake ba da shawara ga kujerar da ake wuni a kanta. Ka zura sabuwar a ƙafafu, ka ɗora mazauni, ka zauna, ta kama.

Wanda bai da halin saye yanzu, ya ɗaga kujerar daidai tsayin da yake so, ya yanki bututun roba na ruwa, ya tsaga shi a tsaye, ya rungumar wa sashen da ke shigewa ciki. Ba za ta ƙara hawa da sauka ba, amma za ta daina nutsewa. Haka muka yi wa ta mutumin Tudun Wada a ƙofar shagonsa, ya kwance ta daga babur ya mayar ciki.