Bizar ya da zango

Bizar ya da zango, wadda ejan-ejan na tikiti ke kira tiransit, izini ne da ƙasa ke bai wa matafiyin da zai sauka a filin jirginta don ya canja jirgi kawai. Ba ta zama ba ce, ba ta aiki ba ce. Abu uku ke sa a buƙace ta ko a yafe ta: fasfon da mutum ke riƙe da shi, ƙasar da zai ratsa, da kuma ko zai tsallake teburin jami'an shige da fice.

Zariya na da filin jirgi, amma na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ne da aka kafa a 1964, don haka Bazazzagin da zai fita waje sai ya nufi filin Malam Aminu Kano ko na Nnamdi Azikiwe a Abuja. Malaman Jami'ar Ahmadu Bello masu zuwa taro, da ɗalibai masu tafiya Malesiya ko Ingila, da 'yan kasuwar Sabon Gari masu sarin kaya a Sin, galibi sai sun ya da zango a Addis Ababa, Alkahira, Doha, Dubai ko Istanbul. A waɗannan filayen, wanda ya yanki tikiti ɗaya tun daga gida har inda zai sauka, kuma bai bar zauren matafiya ba, yawanci ba a neman biza a wurinsa.

Turai ce ke da tarko. Dokar biza ta 2009 ta Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu, ta lissafa ƙasashe 12 da 'yan ƙasarsu ke buƙatar biza mai lamba A ko da ba za su fita daga zauren ba, Najeriya da Ghana na ciki. Ana ɗauke wa wanda ke da bizar Amurka, Kanada ko Japan mai rai. Idan kuwa hanyar ta bi ta filaye biyu na Shengen, misali Faris sannan Frankfurt, sai cikakkiyar biza mai lamba C, domin jirgin da ke tsakaninsu tamkar na cikin gida ne. Birtaniya na da iri biyu: ta wanda ba zai tsallake shige da fice ba, da ta awa 48 ga wanda zai canja fili ko ya karɓi jakarsa. Amurka kuwa tun 2003 ta soke ratsawa ba biza.

Abin da ya fi cin mutane shi ne, ba a Turai ake tare su ba. A Kano ko Abuja, wurin awon kaya, ma'aikacin jirgi zai duba rumbun bayanai na Timatic, mai nuna takardun da kowace ƙasa ke nema, ya turo fasfo baya ya ce babu tafiya, saboda kamfanin ake ci tara idan ya ɗauki fasinja marar takardu. Mutum ya yi sammako daga Samaru, an yi masa rakiya da addu'a, da yamma sai ga shi a tashar mota yana neman ta komawa. Sau da yawa silar ita ce tikiti biyu daban-daban da aka haɗa don arha, wanda ke tilasta karɓar jaka a sake awonta, hakan kuma shiga ƙasa ne. Arha dai ba ta ado.

Jiran kansa wani aiki ne. Ethiopian Airlines kan ba da otal ga wanda jiransa ya kai awa 8 zuwa 24 idan babu wani jirgin da zai iya bi kafin nan, amma a tabbatar tun wurin yankan tikiti. Addis Ababa na bisa tudun da ya haura mita 2,300, kuma sanyin dare kan ratsa shadda komai ƙarin gugarta, shi ya sa tsofaffin matafiya ke saka rigar sanyi a jakar hannu tare da magani, caja da darduma. A yawancin filaye, ruwan da ya wuce mililita 100 ba ya wuce bincike. Gora marar komai tana wucewa, a cika ta a ciki. Dabino da ƙuli-ƙuli guzuri ne mai lafiya. Kilishi da dambun nama gara a cinye su kafin Turai ko Amurka, don kwastan na ƙwace nama.

Manyan filayen Doha, Dubai da Istanbul duk suna da masallatai da wurin alwala, kuma matafiyi na kasaru muddin bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Agogo ne abin lura: Addis Ababa, Doha da Istanbul sun riga Najeriya da awa 2, Dubai da awa 3, lokacin da ke kan katin shiga jirgi kuwa na garin da ake ciki ne. Ƙofar jirgi ma kan canja, wasu filayen kuma ba sa shela da lasifika, sai dai a riƙa leƙa allo.