Kafin ka ba abokinka kod ɗin wasa, ga abin da ka sa wa hannu

Ƙanena ne ya sa na zauna ina rubuta wannan. Wata uku da sunka wuce, a fadarsu ta Bukoki ana jiran shayi na biyu, wani abokinshi ya ce mishi "don Allah ara mini kont ɗinka kwana biyu kawai in gwada wasan nan", yaro ya ji nauyi, ya yago kwalin ganyen shayi ya rubuta mishi imel da lambar sirri a baya. Kwana huɗu bayan haka ya kunna kwamfuta ya tarar an kore shi daga wasan, wai an kama kont ɗin da manhajar maguɗi. Abokin ya yi ta rantsuwa ba shi ba ne, wani ɗan gidansu ne ya taɓa. Kuɗin da yaron nan ya tara jika-jika wajen gyaran waya a Katako sun bi ruwa, kuma har yau shi da abokin sai gaisuwa daga nesa, wallahi wannan ta fi mini ciwo bisa kuɗin.

Abin da da yawa cikinmu ba mu gane ba, in ka biya kuɗin wasa ta intanet ba wasan ka saya ba, izinin bugawa ka saya, shi ake ce ma lisans. Da can zamanin faifai ka ara ma mutum ya buga sati guda ya maido maka, ba wanda ya sani ba wanda ya damu. Kod, wato baƙaƙen da ake ba ka ka shigar don wasan ya buɗe, ba haka yake ba, kamar katin waya ne da ake kankarewa, da zarar an shigar da shi ya ƙone, ya manne ma kont ɗin da anka sa shi ciki. Na Steam, shagon wasannin kwamfuta a intanet, yawanci baƙaƙe 15 ne kashi uku, na PlayStation 12, na Xbox 25, amma hukuncinsu ɗaya. To ka ga in ka ɗauki hoton kod sabo ka tura ma aboki ta WhatsApp don ya gani, ya riga ka shigarwa, wasan ya zama nashi, ba wani maɓallin maidowa.

Shi ya sa samari sunka koma ba da kont ɗin gaba ɗaya, kuma nan ne rigimar take. Doguwar takardar nan da muke danna "na yarda" ba mu karanta ba, yarjejeniya ce tsakaninka da kamfani. Ta Steam, wadda kamfanin Valve na Amurka ke da ita, ta faɗa ƙarara cewa lisans anka ba ka ba sayar maka anka yi ba, kont naka ne kai kaɗai, ba ka da damar ba wani lambar sirrinka ko ka sayar da kont ɗin ko ka ba da shi haya, kuma duk abin da anka aikata da shi kanka yake. Wato in abokinka ya zagi mutane cikin wasa, ko ya sa manhajar maguɗi, ko ya sayi kaya da katin banki da ka bari a ciki, sunanka ne a rubuce. Ba su san wani "ai ba ni ba ne" ba.

Kuma kar ka ce wayon kamfani ne kawai, an kai maganar gaban alƙalai. A Faransa ƙungiyar kare masu saye UFC-Que Choisir ta kai Valve kotu tana neman a bar mutane su sake sayar da wasanninsu, ta yi nasara a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin a 2022, babbar kotu ta rufe zancen a Oktoban 2024, ba a yarda ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuma tun farkon 2025 doka ta tilasta ma shagunan intanet su gaya ma mai saye cewa lisans yake biya.

Akwai hanyar halal fa, ba a toshe ko'ina ba. Steam ya fito da tsarin iyali a 2024, mutum shida iyaka, kowa da kont ɗinshi, ba mai sanin lambar sirrin wani, amma don 'yan gida ɗaya anka yi shi ba don 'yan fada ba. In mutum ya fita, gurbinshi sai ya shekara kafin a sa wani, kuma ga wadda ya kamata kowa ya riƙe: in ɗan gidanku ya yi maguɗi da kwafin wasanka, ku biyu za a kora. A PS5 (PlayStation 5) kuma na'ura ɗaya tak za ka iya buɗe ma rabon wasanninka, in ka ba ta aboki wannan matsayin to taka ta gida ta rasa shi, ranar da intanet ya ɗauke sai ka ga kwaɗo bisa wasan da ka biya da guminka.

To mu nan Nijar fa? Ara ma aboki ɗaya kont, wannan karya yarjejeniya ce, abin da kamfani ke yi shi ne ya rufe ka. Amma mai sayar da kont ɗaya ga mutum goma, ko mai raba wasan da anka fasa tsaronshi cikin gurup, ya shiga gonar haƙƙin mallaka. Muna da dokar haƙƙin mawallafi ta Disamban 2010, muna da BNDA, ofishin da ke kula da haƙƙin mawallafa, kuma ƙasarmu na cikin yarjejeniyar Bangi ta 1977 wadda ta kafa OAPI, ƙungiyar Afirka mai kare haƙƙin mallakar fasaha, inda manhajar kwamfuta ke cikin ayyukan da ake karewa kamar rubutu da waƙa. Sannan dokar laifukan intanet ta 3 ga Yulin 2019 ta hana kutsawa ko ci gaba da zama cikin tsarin kwamfutar wani ba da izini ba. Sai dai ka duba, in aboki ya canza lambar sirri ya riƙe maka kont ka tafi kai ƙara, tambayar farko ita ce ta yaya ya samu, kuma amsar na nan cikin saƙon da ka tura da hannunka.

Wani abu da ban taɓa jin ana faɗa a fada ba, ko kod ɗin da ya riga ya ƙone bai kamata ya yi yawo ba. In kont ya ɓace maka, masu taimako na Steam kan nemi shaidar cewa naka ne, kuma cikin abin da suke karɓa har da kod ɗin da anka taɓa shigarwa a kont ɗin, ko bayanin yadda anka biya. Wanda ke riƙe da hoton tsohon kod ɗinka, ga shi ya san imel ɗinka, ya riƙe rabin hujjar da zai ce shi ne kai. Ni dai daren da abin nan ya faru na sa ƙanena ya canza lambar sirrin kont da ta imel, munka kunna tsaron nan da ke turo lamba ta waya kafin a shiga, munka cire katin banki, sannan ya bi tsofaffin saƙonninshi ɗaya bayan ɗaya yana goge hotunan kod. Ya samu guda uku cikin gurup ɗin 'yan ajinsu.