Ebolar tumatur: sunan da ya hana mu duban ganye

Tun da aka shiga noman rani, kalma ɗaya ke yawo a bakin kowa a Maraɗi. Mai shirin gona a rediyo ya ce Ebola ta faɗa wa garake, mai kwando a kasuwa ya tsauwala kuɗi ya ce Ebola ce, uwar gida mai tushe goma a bayan ɗaki ta ga ganye ya yi ɗigo ta ce shi ke nan, Ebola ta iso gidanta.

Ebola sunan wani kogi ne a ƙasar Kwango, aka laƙaba wa cutar mutane da ta ɓulla kusa da shi a 1976. Mu nan ba mu riƙe sunan ba sai a 2014, da ta yi ɓarna a Gini da Laberiya da Saliyo. A 2016 wata tsutsa ta cinye gonakin tumatur a Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatur, sai aka ari sunan nan mai firgitarwa aka ba ta. Abin da aka faɗa a Jibiya da safe kuwa, kafin la'asar ya iso mana.

Wadda aka yi wa laƙabin, malaman gona suna kiranta Tuta absoluta. Ba cuta ba ce, ƙwaro ne: ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi na dare, asalinsa Kudancin Amurka, ya shiga Sifen a 2006, ya tsallako arewacin Afirka, ya gangaro mana. Macen na iya saka ƙwai sama da 200, cikin kusan wata guda kuma ƴaƴan sun girma sun saka nasu.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda sunan ya haɗiye duk wata masifar tumatur. Yanzu ba mai sunkuyawa ya dubi ganye. Alhali ganyen ne ke faɗin gaskiya. Tsinko shi ka ɗaga wa rana. In tsutsar ce, za ka ga wani wuri ya yi fari sharara, an cinye naman ciki an bar fatar sama da ta ƙasa, ga ɗigon kashinta baƙi-baƙi, sau da yawa ma ga ta nan kwance a tsakani. A jikin ɗan tumatur kuma ƴan huji ne kusa da hancinsa. In kuwa ka ga tabo mai ruwan ƙasa, da zobe cikin zobe, kewaye da rawaya, kuma daga tsofaffin ganyen ƙasa ya faro yana hawa sama, to wannan ƙunar ganye ce. Funfuna ke kawo ta, irinta na kwana cikin ƙasa da cikin busassun karan bara, ruwa ya fantsamo shi kan ganye.

A garkar gida, inda wuri ya matse kuma ake watsa ruwa da kwano ta bisa kai da almuru, ganye ya kwana a jiƙe, an shimfiɗa wa wannan ƙuna tabarma ke nan. Sai mutum ya ji a rediyo an ce Ebola, ya ruga kasuwa ya sayo piya-piya ya feshe abin miyarsa. Piya-piya guba ce ta kashe ƙwari, ba abin da take yi wa funfuna. Kuɗi sun tafi, tabo na ci gaba da hawa, yara kuma na tsinkar tumatur ɗin suna ci ɗanye. Ko tsutsar gaskiyar ma, tana ɓoye cikin ganye, kuma ta riga ta saba da magunguna da dama saboda yawan feshi barkatai.

Ƙunar ganye ba ta son iska da bushewar ganye, don haka maganinta na farko a hannu yake. A bar aƙalla kamu guda tsakanin tushe da tushe. A kafa sanda a ɗaure, kada reshe ya kwanta ƙasa. A zuba ruwa a gindi, da safe. A rufe gindin da tattaka ko yankakken karan gero don kada laka ta fantsama. Ganyen ƙasa da ya fara tabo a cire shi a ƙone, kada a jefa shi ramin taki. In an kwashe tumatur, kada a maye gurbinsa da tattasai ko attarugu ko yalo ko dankalin turawa, duk dangi ɗaya ne, ciwonsu ɗaya. A sa albasa ko salati ko masara. In abin ya yi ƙamari akwai maganin funfuna irin su mankozeb, amma a nemi malamin gona ya faɗi awo da kwanakin jira kafin tsinka.

Akwai kuma nanaɗewar ganye da farin ƙuda ke yaɗawa, wadda ba ta warkewa sai tuge tushen, da baƙin gindi a jikin ɗan tumatur, wanda yawanci ban ruwa ne na yau a cika gobe a manta. Su ma duk an sa musu rigar Ebola.

Ita tsutsar, a ƴar garka, hannu na iya cim mata: a zaga kullum a tsinke ganyen da ta shiga a murje. A daka ƙwallon bedi kamar rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da marece har ƙarƙashin ganye, a maimaita duk mako. Wanda bai gane abin da ya gani ba, ya sa ganye biyu a leda ya kai wa malamin gona na kusa da shi, ko ya nuna wa tsofaffin manoman Jiratawa, wurin noman rani kusa da Maraɗi, kafin ya sayi kowace kwalba.