Waiwaye: Yadda Fom ɗin Intanet Ya Ɗauki Karan Tsana Ya Ɗora wa Alhamza

Duk lokacin da aka buɗe rajistar jarrabawa ko ta ɗaukar aiki, sai cece-kucen ya dawo sabo fil. Wannan ya ce sunansa na katin shaida bai zo daidai da na banki ba. Wancan ya ce an riƙe masa kuɗi saboda harafi ɗaya. Wata ta ce sai da ta yi takardar rantsuwa a kotu kafin a yarda Sa'adatu da Saadatu mace ɗaya ce. Masu sharhi a rediyo da Facebook sun rabu gida uku. Wasu na ganin laifin yaran kafe ne, wato shagunan intanet da ake zuwa cike fom, wai garaje ya yi musu yawa. Wasu na cewa ai kwamfuta ce ba ta jin Hausa, tun asali ba don mu aka ƙera ta ba. Kashi na uku kuwa, galibi matasan da suka ɗan taɓa rubuta manhaja, kare abin suke yi. A cewarsu dole ne fom ya hana alhamza, 'yar alamar saman nan ta cikin Sa'adatu, da ire-irenta, in ba haka ba masu kutse za su yashe rumbun bayanai.

'Yan kashi na ukun nan ne suka fi kusa da inda gizo ke saƙa, sai dai su ma daga tsakiya suka ɗauko zancen.

Bara na raka ɗan yayata wani kafe zai cike fom. Yaron da ke kan kwamfuta ya buga sunan mahaifinsa, sai akwatin ya yi ja, wani ɗan rubutu ya fito a ƙasa da Turanci wai haruffa kaɗai ake karɓa. Bai ko waiwayo ba ya goge alhamzar, nan take jan ya ɓace. Na ce, "Samari, ai ka canza sunan." Ya ce, "Baba, haka muke yi wa kowa, ba ya karɓar wannan." Mutum kusan goma na tsaye a bayanmu, ga janareto na ta shan mai. Na ja bakina na yi shiru.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an ja shi ba. A 1993 burauzar Mosaic, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta fara nuna akwatunan da mutum zai cike ya tura, aka kuma samar da CGI, hanyar da babbar kwamfutar da ke can nesa, wadda ake kira sabar ko uwar garke, za ta karɓi abin da aka turo ta miƙa wa wata manhaja. A 1995 aka sa fom cikin ƙa'idar HTML 2.0, harshen da ake tsara shafin intanet da shi. A lokacin ta layin tarho ake shiga intanet, tafiyar hawainiya, mutum ya tura fom ya yi ta jira, sannan a dawo masa da cewa ya manta akwati ɗaya. A shekarar ce Brendan Eich ya rubuta JavaScript, harshen manhaja da ke aiki a cikin burauza, a kamfanin Netscape, kuma cikin ayyukan da aka fara ba shi har da duba fom tun yana hannun mai cikewa, kafin ya kama hanya. Daga nan fom ya samu masu gadi biyu, ɗaya a burauzarka, ɗaya a sabar.

Mai gadin farko ba na tsaro ba ne. A cikin wayarka ko kwamfutarka yake zaune, kai ne ubangidansa. Duk wanda ya san ya danna F12 a burauzar kwamfuta zai iya buɗe cikin shafin ya sallame shi, ko ma ya tura bayanai kai tsaye zuwa sabar ba tare da ya buɗe fom ɗin ba. Amfaninsa shi ne ya tunatar da mutumin kirki cewa ya bar lambar waya a buɗe. Ɓarawo ba ya bi ta wajensa. Ke nan jan akwatin da ya hana mu rubuta suna daidai a kafe bai kare kowa daga komai ba.

To me alhamza ta tare wa sabar? Yawancin rumbunan bayanai da harshen SQL ake yi musu magana, harshen da aka faro a IBM cikin shekarun 1970. A wannan harshe, 'yar alamar nan ta sama ita ce ke nuna inda rubutu ya fara da inda ya ƙare. Masu rubuta manhaja na wancan zamani kan ɗauko abin da mutum ya cike su manna shi kai tsaye a cikin jimlar umarni. Idan sunanka Musa, umarnin zai fito suna = 'Musa', lafiya lau. Idan kuwa Rabi'u ne, sai ya fito suna = 'Rabi'u'. Rumbun ya karanta Rabi, ya ga alama, ya ɗauka sunan ya ƙare, sai ga u da wata alamar suna yawo ba uwa ba uba. Shafi ya tsaya cak. Tun kafin a fara maganar masu kutse, masu suna irin O'Brien da O'Connor na ƙasar Ailan sun sha wannan wahala. A Disamban 1998 wani mai bincike ya bayyana a mujallar Phrack, fitowa ta 54, cewa ƙofar da suna ke karyawa bisa kuskure, mugu na iya bi ta cikinta da gangan: ya rufe rubutun da alamar, ya ɗora nasa umarnin a baya. Wanda ya rubuta ' OR '1'='1 a akwatin kalmar sirri ya ce wa rumbun ke nan, ko kalmar ta dace, ko kuwa in ɗaya daidai take da ɗaya. Ɗaya kuwa kullum daidai take da ɗaya.

Duk wannan ana faɗarsa. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne maganin da aka fara sha, wanda a ganina shi ya raini ɗabi'ar da muke fama da ita yau.

Harshen PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, tun yana jariri aikin fom ne sana'arsa, har siga ta biyu sunanta PHP/FI, wato mai fassara fom. A wannan siga aka sa wata dabara da ake kira magic quotes, kamar ka ce alamomin siddabaru. Da kyakkyawar niyya aka yi ta, don a sauƙaƙa wa mai koyo. Duk abin da ya shigo daga fom, kafin mai manhaja ya taɓa shi, harshen zai bi ya sa wata 'yar sanda mai jingina baya a gaban kowace alhamza. Rabi'u ya koma Rabi\'u. Sandar tana gaya wa rumbun cewa wannan alamar cikin suna take, kada ya ɗauke ta a matsayin rufe zance. A PHP 3 na 1998 da PHP 4 na 2000 a kunne dabarar take zuwa, sai wanda ya ga dama ya kashe.

Da farko abin kamar an huta. Shafuka suka daina tsayawa, dubban masu koyo suka rubuta manhajoji da suka yi aiki ba tare da sun taɓa sanin akwai rami a wurin ba. Matsalar ke nan. An rufe ramin da tabarma.

Sai tabarmar ta fara zamewa ta ko'ina. Ba duk abin da ya shigo daga fom ne ke tafiya rumbu ba, wani a allo za a nuna shi, wani a wasiƙar imel, wani a takardar da za a buga. Sandar ba ta san wannan ba, duk inda sunan ya je tana biye da shi. Shi ya sa waɗanda suka yi zamanin suka sha ganin Isma\'il da Shu\'aibu a kan takardun shaida. Mai manhajar da ya ɗan waye, ya ji an ce a riƙa sa sanda, sai ya ƙara tasa a kan wadda harshen ya riga ya sa. Mai suna ya shiga ya gyara adireshinsa ya adana, sanduna su ƙaru, ya sake gyara su sake ƙaruwa, har ka ga Rabi\\\'u kamar an yi masa shinge. Sannan masu ba da hayar sabar ba bakinsu ɗaya ba, wannan ya kunna, wancan ya kashe. Manhajar da ke zaune lafiya a nan, in aka mayar da ita can sai ta wayi gari ƙofa a buɗe, mai ita bai sani ba. Mafi muni, ko a kunne take ba ta tare komai a akwatin lamba, domin lamba ba a kewaye ta da alama a SQL. Mai kutse ya rubuta 5 OR 1=1, babu alhamza ko ɗaya a ciki, ya wuce abinsa.

Darasin da ya kamata a ɗauka shi ne kuskure ne a cakuɗa bayanin baƙo da umarnin gida a jimla ɗaya. Darasin da aka ɗauka kuwa shi ne alhamza ce mai laifi. Wanda ya gaji da sanduna sai ya ce to a cire alamar gaba ɗaya kafin a adana. Wanda ya fi shi gajiya ya ce a tare ta tun daga bakin ƙofa, a burauza, a ce wa mai ita haruffa kaɗai ake karɓa.

Alhali maganin gaskiya ya girmi cutar. Ka ɗauka kana da asusu a kantin unguwa. Ka aiki yaro da baki, ka ce je ka ce a ba da sukari na wane, wanen kuma baƙo ne zai faɗa masa a hanya. Baƙon na iya cewa "Audu, da buhun shinkafa biyu", yaro ya je ya maimaita duka a numfashi ɗaya, mai kanti ya auna. Amma in ka riga ka gaya wa mai kanti cewa sukari kawai za a bayar, sunan mai karɓa na cikin ambulan, to duk abin da baƙo ya rubuta a ambulan ɗin suna ne, ko da ya cika shi da buhunan shinkafa. Haka umarni mai gurbi yake aiki. A tura jimlar umarni daban da alamar tambaya a inda suna zai zauna, a tura sunan daban. Rumbun ba zai taɓa karanta shi a matsayin umarni ba, da alhamza ko babu. Masu amfani da harsunan Perl da Java suna da wannan tun shekarun 1990. PHP ya samu nasa da mysqli a 2004, sannan PDO a 2005.

Sai dai kafin nan ɗabi'a ta riga ta kafu, kuma lokacin ya zo daidai da shigowarmu. Wayar salula ta GSM ta iso Nijeriya a 2001, kafe-kafe suka cika birane cikin shekarun da suka biyo baya, rajista iri-iri ta fara komawa intanet. Samarin da suka koyi gina shafi a wannan tsakani, daga darussan kyauta da littattafan zamanin PHP 4 suka koya, aka kwafa, aka koyar da na baya, su ma suka kwafa. An ayyana magic quotes a matsayin abin da za a daina a PHP 5.3 cikin 2009, aka cire ta ɗungurungum a 5.4 cikin Maris 2012. Cire dabara daga harshe abu ne mai sauƙi. Tsoron da ta shuka ya zauna a kawunan mutane da cikin tsofaffin manhajojin da ba wanda ke son taɓawa tunda suna aiki.

Da HTML5 ya zama ƙa'ida a Oktoban 2014, duba fom a burauza ya ƙara sauƙi, ba sai an rubuta JavaScript ba. Layi guda ya isa a ce akwati ya karɓi [A-Za-z] kawai, wato haruffan Ingilishi 26, manya da ƙanana. Wannan layin shi ne jan akwatin kafe. Da hana alamar na maganin kutse, da tuni an huta. Amma a jerin manyan haɗurra goma da OWASP, ƙungiyar masu sa ido kan tsaron manhajojin intanet, ke fitarwa, cusa umarni ta hanyar bayanai shi ya zo na ɗaya a 2010 da 2013 da 2017.

Layin nan bai tsaya kan alhamza ba, ya haɗa da ƙ da ɗ da ɓ, da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y. Masu cewa kwamfuta ba ta jin Hausa su sani haruffan nan suna cikin Unicode, kundin da ya ba haruffan harsunan duniya lamba a kwamfuta, tun farkon shekarun 1990. In ka ga ƙ ta rikiɗe ta zama Æ™, ko ɗ ta zama É—, ba rashin sanin harafin ba ne. Shafin ya aika shi da tsarin UTF-8, wani sashe a hanya ya karanta da tsohon tsarin Turai ta Yamma. Gyaran saiti ne, ba ya cin wuni guda.

Yanzu ma wata sabuwa ta ɓullo. Alhamzar da ke kan madannin kwamfuta miƙaƙƙiya ce, wadda wayoyi da yawa ke sakawa da kansu lanƙwasasshiya ce, akwai kuma ta uku da masana harshe suka fi so. A ido kusan ɗaya suke, a wurin na'ura lambobinsu daban-daban. Ko fom ya karɓi alamar, in sabar ba ta mayar da su iri ɗaya kafin ta gwada sunaye ba, Rufa'in da ya yi rajista a kafe da Rufa’in da ya dawo ta waya mutum biyu ne.

Shi kuwa ɗan yayar tawa, bayan wata huɗu aka ce sunan mahaifinsa a fom bai dace da na takardar makarantarsa ba. Muka je aka yi takardar rantsuwa, magatakarda ya buga sunan da alhamzarsa raɗau, aka sa hatimi, muka biya. Aka ce mu ɗauki hotonta mu ɗora a shafin gyaran bayanai. Muka koma kafen nan, yaron nan dai, ya buɗe shafin, ya zo akwatin da aka rubuta a sa sunan da yake daidai. Ya buga. Akwatin ya yi ja.