Waiwaye: Yadda ragowar gashin Lahadi ya zama stovies a Sikotilan

A gidaje da yawa na Sikotilan, ranar Lahadi ake gasa babbar tsokar naman sa ko na rago a tanda, iyali su hallara su ci. Abin da ya saura, wato guntayen nama da romo da kakiden da ya daskare a gindin farantin gashi, shi ake adanawa zuwa Litinin a yi abincin da suke kira stovies. Ana narka kakiden a tukunya mai kauri, a soya albasa har ta yi laushi, a zuba dankalin Turawa da aka fere aka yayyanka, a sa gishiri da masoro da ɗan ruwa ko romo, a rufe ruf a rage wuta. Awa guda ko fiye zai yi yana turara, wani ya narke wani ya tsaya da jikinsa, sannan a zuba naman daga ƙarshe. Kamanninsa sun yi kusa da faten dankali, sai dai ya fi kauri, kuma ƙanzon da ke kamawa a gindin tukunya shi masana abin suke rububi.

Yau ana kallonsa a matsayin hanyar sarrafa ragowar gashi. A ganina tarihinsa ya nuna naman ne baƙo a cikin tukunyar, dankali da kitse su ne masu gida.

Kafin ƙarni na 18 talakan Sikotilan da hatsin ot da sha'ir ya dogara, sai madara da ganyen kabeji da kifi ga na bakin teku. Dankali, wanda asalinsa daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka yake, ya iso Turai tun ƙarshen ƙarni na 16, amma ya daɗe a lambunan masu hali kafin ya shiga gonaki. A wajajen 1739 aka soma noma shi da yawa a kusa da garin Kilsyth. Ana kuma ba da labarin yadda a 1743 shugaban zuriyar Clanranald ya kawo shi tsibirin South Uist daga Ailan, talakawansa suka ƙi shi da farko, sai da aka tilasta musu shukawa. Cikin shekaru hamsin lamarin ya juya. Masu filaye suna korar manoma daga kwaruruka masu albarka don su zuba tumaki, suna tura su ƙananan filaye marasa kyau a gaɓar teku, kuma a irin wannan ƙasa dankali ne kaɗai ke iya ciyar da gida daga ɗan fegi. Da haka ya zama abincin safe da rana da dare a yammacin yankin tsaunuka da tsibirai.

Dogaron nan ya zo da tsadarsa. A 1846 cutar da ta ruɓar da dankalin Ailan har ta jawo babbar yunwa a can ta afka wa gonakin yankin tsaunuka da tsibirai, yunwa ta zauna kusan shekara goma. Agaji ya hana mace-mace irin na Ailan, amma dubban mutane sun bar ƙasar zuwa Kanada da Ostireliya, wasu ma masu filayen ne suka biya musu kuɗin jirgi don a rabu da su.

A kudu da gabas kuwa dankali ya ci gaba da riƙe gidajen 'yan ƙodago. Akwai barorin gona na yankin Aberdeen da ake ɗauka aikin wata shida-shida, akwai ma'aikatan masaƙun Dundee da masu ƙera jiragen ruwa a Glasgow. Iyali da yawa a biranen nan ɗaki ɗaya ko biyu suke da shi, girki kuma a tukunya ɗaya bisa murhun gawayin kwal. Ina mai irin wannan gida zai ga gashin Lahadi, balle ragowarsa? Abin da yake iya samu shi ne kakide, ko ya saya da araha wurin mahauci, ko 'yarsa mai aikatau a gidan attajiri ta zo da shi daga ɗakin girkin iyayen gidanta. Shi ya sa har yau ake tunawa da nau'in da ba nama ko ƙyas a cikinsa, wanda suke kira barfit. Wannan ɓangaren ne ya fi taɓa ni: uwa ta ɗauki kitsen naman da wasu suka ci, ta sa 'ya'yanta su ji ɗanɗanon nama a bakinsu.

Haɗuwar stovies da ranar Litinin ta ƙarfafa ne a gidajen da suka samu sukunin sayen nama sau ɗaya a mako. Litinin ce ranar wanki, aikin da ke cinye yini guda kafin zuwan injin wanki, don haka abincin da za a ɗora a manta da shi yana dahuwa a hankali ya dace da ranar sosai.

Sai kuma naman gwangwani. Daga ƙarshen ƙarni na 19 kamfanoni a Yurugai da Ajantina suka riƙa turo naman sa mai gishiri a gwangwani, sunan Fray Bentos, tambarin wani naman gwangwani na Yurugai, ya zama sananne a kowane kanti. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Birtaniya ta ƙayyade naman da kowa zai saya tun daga 1940, ba a ɗage ba sai 1954, alhali dankali ana ta kwaɗaitar da mutane su noma su ci. Gidaje da yawa a lokacin suka saba da stovies na naman gwangwani. Ko annobar taifod da ta kwantar da mutum fiye da 400 a Aberdeen a 1964, wadda aka gano daga gwangwanin naman Ajantina ta fito, ba ta raba mutane da shi na dindindin ba.

Daga nan ne musun da ake yi yau kan naman da ya dace a sa a stovies ya samo tushe. Mutumin Aberdeen zai ce sai da gasasshen naman sa, a ci da busasshiyar wainar ot da jan gwoza mai tsami, a kora da madara mai sanyi. Wani zai rantse da naman gwangwani, wani da niƙaƙƙen nama, a wajen Glasgow kuma akwai masu sa tsiran Turawa. Musulmin da ya samu kansa a can sai ya tambaya kafin ya ci, domin tsiran nan kan zo da naman alade, wasu kuma da kitsen alade suke suyar. Kowa dai na kare abin da ya tashi ya tarar a tukunyar kakarsa, kuma bambancin ya bi abin da aljihun kowane gida ya iya ɗauka a da.

Abincin ya kuma fita daga ɗakin girki ya shiga taro. Ana raba shi can cikin dare a bikin aure bayan an gaji da rawa, da daren shiga sabuwar shekara da suke kira Hogmanay, da ranar 30 ga Nuwamba ta tunawa da Waliyyi Andrew, saboda tukunya ɗaya na ciyar da jama'a da kuɗi kaɗan. A 'yan shekarun nan ya sake samun kasuwa ta wata fuska. Gwamnatin Sikotilan ta sanar a 2016 cewa tana son rage abincin da ake zubarwa da kashi 33 cikin 100 kafin 2025, kuma dankali na cikin abubuwan da gidajen Birtaniya suka fi zubarwa. Da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 19 cikin 100 a Maris na 2023, masu koyar da girki suka koma nuna wa matasa yadda ake cin gashi ɗaya kwana biyu.

Cikas ɗin da sababbin masu girkin ke gamuwa da shi shi ne naman kanti na yanzu an yanke masa kitse, ba ya barin kakiden kirki a faranti, sai su maye gurbinsa da man gyaɗa ko man shanu, abin ya fito salam. Mahautan unguwa a Sikotilan har yanzu suna sayar da kakiden sa a ƙananan robobi, kuma cokali biyu sun ishi tukunyar mutum huɗu, muddin dankalin mai gari ne irin su Kerr's Pink ko Maris Piper.