Røst: tsibirin masunta a Norway da kifinsa ke kaiwa har kasuwannin Najeriya

A can arewacin Norway akwai jerin tsibirai da ake kira Lofoten. Na ƙarshe a jerin, wanda daga shi sai buɗaɗɗiyar teku, shi ne Røst, wanda gundumar coci ce kuma ƙaramar hukuma. Mazaunansa ba su cika 500 ba, amma duk wanda ya taɓa ratsa layin masu busasshen kifin Turai a wata babbar kasuwa a Najeriya, mai yiwuwa ya yi ido biyu da kan kifin da aka shanya a can.

A ina Røst yake, kuma yaya ƙasar take?

Yana cikin lardin Nordland, kimanin kilomita 100 ta ruwa daga birnin Bodø. Maƙwabcinsa mafi kusa shi ne tsibirin Værøy, wajen kilomita 25 ta arewa maso gabas. Ba dunƙulallen tsibiri ɗaya ba ne, tarin tsibirai ne da duwatsun da suka leƙo daga ruwa. Mutanen wurin kan ce 365 ne, kowace rana ta shekara da nata. Duk a haɗe, busasshiyar ƙasar ba ta wuce murabba'in kilomita 10 da 'yan kai ba.

Jama'a na zaune a Røstlandet da 'yan tsibiran da aka haɗa da shi da hanya. Shimfiɗaɗɗen wuri ne, wurin da ya fi tudu a cikinsa bai wuce mita 12 daga ruwan teku ba, ga fadamu da ƙananan tafkuna ko'ina, itatuwa kuwa sai an nema. Tumaki ke kiwo a ciyawar. Kudu maso yamma kuma sai a ga akasin haka: duwatsu tsaye ƙiƙam a cikin teku, Vedøy da Storfjellet da Trenyken da Hernyken. Storfjellet ne mafi tsawo, mita 259. A can ƙurya akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Skomvær, wadda aka kunna a 1887.

Me ake nufi da cewa gundumar coci ce?

A tsohon tsarin Norway, coci ne ke raba ƙasa gunduma-gunduma, limamin coci ne kuma ke riƙe da littafin haihuwa da aure da mutuwa. Da aka zo kafa ƙananan hukumomi a ƙarni na 19, iyakokin nan aka bi. Røst ya daɗe a haɗe da Værøy, sai a 1928 ya samu ƙaramar hukumarsa, da mutum 731.

Tarihin ginin cocin ma labarin iska ne. A 1835 guguwa ta yi awon gaba da cocin katako da ke wurin. Aka gina na dutse a 1839, ya yi wa jama'a kaɗan, aka gina na yanzu a 1899. Kangon na dutsen yana nan har gobe.

Wuri mai nisa haka a arewa, ba ƙanƙara ke rufe shi ba?

Abin mamakin ke nan. Røst yana arewa da layin da ake kira Da'irar Arctic. Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa, a Disamba kuma akwai kwanakin da ba ta fitowa sam. Duk da haka, matsakaicin sanyin kowane wata, har da Janairu da Fabrairu, bai kai na daskarewar ruwa ba. Dalili shi ne ɗumin ruwan da ke kwararowa daga kudancin tekun Atlantika ya bi gaɓar Norway. Tsibirin ƙarami ne, ruwa ya kewaye shi, don haka teku ce ke yanke masa yanayi. Bazararsu ma ba zafi. Iska ce dai ba ta hutawa.

To mene ne haɗin wannan yanayi da kifi?

A nan rayuwar tsibirin ta rataya. Kowace shekara, daga wajen Janairu zuwa Afrilu, wani babban farin kifi da suke kira skrei yakan taso daga tekun Barents ya gangaro Lofoten don ya zuba ƙwai. Masunta daga wasu sassan gaɓar Norway kan biyo shi ci-rani, su cika tashar jiragen. Da taru ake kama shi, da mamari, da ƙugiya.

Da an sauke kifi sai a farke ciki, a cire kai, a ɗaure biyu-biyu ta wutsiya, a rataya a kan dogayen rumfunan katako. Ba gishiri, ba hayaƙi. Mai banda a Baga ko Yawuri dole ya haɗa da wuta, domin zafi da ƙuda ba za su bar masa kifi ya kwana ba. A Røst iska ce ke yin aikin, amma da sharaɗi. In sanyi ya yi tsanani, ruwan jikin kifin ya daskare, tsokar takan farfashe ta yi laushi marar kyau. In ɗumi ya yi yawa, ƙuda ya zuba tsutsa, ko cikin ya yi tsami kafin ya bushe. Abin da ake so shi ne sanyi dab da daskarewa, da iska mai ɗan gishiri, da ruwan sama jefi-jefi. Sai ga shi kifin yana isowa daidai watannin da yanayin ke haka. Da zai zo a Yuli, da tarihin Røst ya sha bamban.

Kifin kan yi kusan wata uku a rataye, a sauke shi a Yuni, ya ƙarasa bushewa a rumbu. Kafin nan ya zubar da wajen kashi huɗu cikin biyar na nauyinsa. Daga nan sai mai tantancewa ya zauna, ya ɗaga kifi ɗaya-ɗaya, ya duba tsawo da launin fata, ya danna, ya shinshina wuyan, ya jefa shi tarin da ya dace. Ajin kusan ashirin ne, kowane da farashinsa. Yara ma da nasu rabon: su ke yanke harshen kifin daga kawunan su sayar, al'ada ce tsohuwa a Lofoten.

Wane ne Querini da ake yawan ambata?

Pietro Querini ɗan kasuwa ne daga birnin Venice da ke Italiya ta yau. A 1431 ya taso daga tsibirin Kirit da jirgi maƙare da kaya da mutum 68, zai nufi birnin Bruges da ke Belgium ta yau. Guguwa ta karya jirgin a Atlantika, suka koma ƙananan jirage biyu. Ɗaya ya ɓace, ɗayan igiyar ruwa ta yi ta jansa arewa har ta yar da su a wani tsibirin da ba kowa, kusa da Røst, a Janairun 1432. Masunta suka tsince su. Mutum 11 suka rayu, suka zauna a gidajen mutanen wurin har watan Mayu.

Rahoton da suka rubuta bayan sun koma gida yana cikin tsofaffin bayanai kan zaman talakawan arewacin Norway. Ya ce mazauna wurin kamar 120 ne, ba sa kulle kayansu, kuma kifinsu yakan bushe ƙamas har sai an daka shi da bayan gatari kafin a dafa. Ana yawan cewa Querini ne ya kai wa Italiya wannan kifi. A ganina an ƙara gishiri, domin tun ƙarnoni kafin shi ana kai busasshen kifin Lofoten birnin Bergen, Jamusawa 'yan kasuwa suna rarraba shi a Turai. Amma zumuncin gaskiya ne: Italiya ce babbar mai sayen kifin Røst mai daraja, garin Sandrigo da ke kusa da Vicenza ya ƙulla abota da tsibirin, har an raɗa wa wani ɗan tsibiri suna Sandrigøya.

Ta ina Najeriya ta shigo?

Ta kawuna da ƙananan aji. Kawunan da aka cire ba a zubar da su. Akan zura su a igiya, a rataya su daban, in sun bushe a danne su cikin buhun algarara, a yi lodinsu zuwa Najeriya. Shi ne Ibo ke kira okporoko, Yarabawa kuma panla, ya fi shiga miyar kudu, amma manyan kasuwannin arewa ma ba sa rasa shi. Abin da ya sa ya karɓu a fili yake: yana jure zafi da doguwar tafiya ba tare da firji ba, ɗan guntu kuma ya isa ya ba tukunya ƙamshi. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, busasshen kifin Norway na cikin kayan agajin da aka kai yankin Biyafara. Yau in Naira ta faɗi, masu rumbunan Lofoten sukan ji a jikinsu.

Tsuntsayen da ake zuwa kallo fa?

Duwatsun kudu maso yamma suna cikin manyan matattarar tsuntsayen teku a Turai. Wanda ya fi suna shi ne lunde, ɗan tsuntsu baƙi da fari mai faffaɗan baki ja, da ke haƙa rami a ciyawa ya yi sheƙa. A 1979 an ƙiyasta ma'aurata kusan miliyan 1.4 a Røst. Tun daga nan sun ragu da wajen kashi 80 cikin ɗari. 'Ya'yansu da 'ya'yan wani ƙaramin kifi, sild, suke rayuwa, kuma shekaru da dama abincin ba ya isowa a kan lokaci, sai su mutu a rami. Kamun wuce-gona-da-iri da ya durƙusar da sild a ƙarshen shekarun 1960 ne ya fara jawo matsalar, masana kuma suna ɗora ci gabanta a kan sauyin ɗumin teku.

Yaya zaman yake a yanzu?

Akwai jirgin fito daga Bodø da ke biyawa ta Værøy, akwai ƙaramin filin jirgin sama da aka buɗe a 1986, akwai makaranta. Amma yaron da ya gama ajin ƙarshe a tsibirin dole ya ƙetara babban yanki don ci gaba da karatu, kuma ba kowa ke dawowa ba. Aikin rataya kifi da sauke shi yanzu baƙin ma'aikata daga wasu ƙasashen Turai ke yin kaso mai yawa. Ga kuma adadin skrei da aka yarda a kama, wanda Norway da Rasha ke yankewa tare: tun daga 2022 ake ta rage shi shekara bayan shekara, saboda kifin ya ragu a tekun Barents. Ɗanyen kifi ya yi tsada, masu saye don kai shi Turai ɗanye suna gogayya da masu shanya, kuma wanda ya rataya a Maris ba zai ga kuɗinsa ba sai bayan Yuni.